Ƙofofi Uku a Ɗakin Hajiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan zama, malamanmu, shugaban ƙungiyar masu tsara gine-gine da tawagarsa, Likita da ma'aikatan asibiti, birkiloli da kafintoci da masu fenti da nake hangowa can baya sun ƙi kujerun gaba. Sai ke Hajiya, uwargidan marigayi, da babban ɗansa, da autarsa, da dangi na kusa da na nesa. Ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya, don rashin namu ne duka.

An ce ni zan yi magana saboda ni ne tsohon abokinsa, kuma shugaban makaranta, wai na saba tsayawa gaban jama'a. Gaban yara na saba tsayawa, su kuwa ko shirme na yi tafi suke yi. Yau kaina a ɗaure yake, kuma gara in gaya muku dalili tun da wuri. Kafin mu shigo nan, mutum biyu daga gidan marigayi sun ja ni gefe, kowa da saƙonsa. Babban ɗansa ya ce, "Baba, don Allah ka yi wa Hajiya magana a gaban mutane, a toshe ramukan nan na ɗakinta kafin ruwa ya sauka, na riga na kira birkiloli su zo gobe." Ina juyawa autar ta tare ni ta ce, "Baba, kada ka yarda a taɓa bangon nan." Duk su biyun na ce musu to.

Ga waɗanda ba su shiga gidan kwanan nan ba, bari in faɗi abin da ake magana a kai. Da gwiwoyin Hajiya suka fara hana ta hawa bene, marigayi ya kwashe kayan da ke tsohon ɗakin ajiya na ƙasa, zai mayar mata da shi ɗakin kwana. Ya fasa bangon wuri uku: ɗaya ya fita falo, ɗaya kicin, ɗaya tsakar gida. Ya sauko mata da gadonta. Bai sa firam ba, bai sa ƙyaure ba, labule kawai ya rataya. Ɗaya ce za ta zama ƙofa, a mayar da bulo a sauran biyun. Kafin ya ce wacce, Allah Ya yi ikonSa. A ɗakin nan Hajiya take kwana har yau, iska na shiga ta nan tana fita ta can, ga tari ya kama ta.

Baƙo zai ce wane irin mai tsara gini ne zai bar matarsa a ɗaki mai rami uku. Mu da muka san shi ba mu yi mamaki ba. Mai Guduma muke ce masa, kuma ba a banza ba.

Ya kasance mutumin da ba ya son a rushe gini. Kai masa fili ka ce ya zana maka sabon gida, sai ya yi ta hamma. Nuna masa kangon da jemagu suka mayar nasu, nan da nan za ka ga ya miƙe yana shafa bango kamar mai duba dabba a kasuwa. Zauren nan da muke zaune a ciki tsohon gidan burodi ne. Inda shugaban zama ya jingina, nan tanda take. Kowa ya ce a baje shi, shi kaɗai ya ce a bar masa.

Ya kasance kuma ba ya yanke wa ƙofa wuri a kan takarda. Yana da zane, ya iya lissafin nauyin rufi, ya san bangon da ake fasawa da wanda ba a kusanta, ba a taɓa jin gininsa ya tsage ba. Amma da an zo maganar ta ina mutane za su shiga, sai ya ajiye biro ya ɗauki guduma. Ya fasa wuri biyu ko uku, ya bar su haka, ya koma gefe ya zuba ido. Wanda ƙafafun mutane suka fi bi, shi ne ƙofa.

Ni na ɗanɗana wannan. Makarantarmu tsohon sito ne na hatsi, dogon gini mai duhu, ba taga ko ɗaya. Da aka ba shi aikin, ya fasa mini ofis gaba da baya. Ina zaune ina sauraron uban yaro ta gaba, sai in ji uwar wani ta yi sallama ta bayana. Yara kuma suka gano hanyar famfo ta fi kusa idan aka ratsa ta ofishin shugaba. Sai su wuce ta gefen teburina da gudu, wani har ya ce mini ina kwana. Ran nan dai raina ya ɓaci, na same shi zaune a kan bulo yana ɓare gyaɗa, na ce, "Kai, ofis ka yi mini ko titi?"

Ya ce, "Ai shi nake dubawa."

Na ce, "Har yaushe?"

Ya ce, "Sai yaran sun gama gaya mini."

Da suka gama gaya masa, ofishina ya zama hanya, ni kuma aka mayar da ni ƙarshen baranda. Na yi fushi da shi har na daina amsa gaisuwarsa, shi ko a jikinsa. Yau ɗalibai suna wucewa ta wurin ba sa ture juna, malamai suna yaba tsarin. Ni har yanzu ban tabbata ba ko gwaninta ce ko kuwa dabara ce ya yi ya kore ni daga ofis mai iska.

Likita tana nan, ta san nata. Asibitin unguwa da muke kai matanmu da jikokinmu tsohuwar tashar mota ce, ɗakin sayar da tikiti shi ne ɗakin duba marasa lafiya. Ya jera benci inda zane ya nuna, mata masu goyo suka ƙi zama, kullum suna tsaye jikin bangon da ke da inuwa. Ma'aikata suka gaji da cewa a zauna. Shi bai ce wa kowa komai ba. Ya sa aka cire bencin aka kai jikin bangon nan, ya fasa taga daidai kansu, ya ɗaga rumfa. Likita ta gaya mini ranar da ta zo ta tarar da rami a bayan kujerarta, ta zaci ɓarayi ne suka shiga, har ta fara ƙirga kwalaben magani.

Ya kasance mai haƙurin da ke ƙure haƙurin wasu. Birkilolin can baya suna murmushi, sun san sau nawa suka kwaɓa siminti ya ce a dakata, ya bushe a kasko. Ya kasance ba ya jin kunyar cewa bai sani ba tukuna, alhali shi aka ɗauko don ya sani. Mun yi masa tsiya a kan haka, mun yi masa ba'a, sannan muka kwashe shekaru muna shiga muna fita ta ƙofofinsa ba mu taɓa yin karo da bango ba. Mun yi rashi, wallahi, kuma ni kewarsa nake ji har cikin ƙashina.

To, mu koma ɗakin Hajiya.

Ni a tunanina abin mai sauƙi ne. Mun san yadda yake aiki. Sai a duba ramin da ta fi bi, a sa masa ƙyaure, a toshe sauran, an cika masa burinsa kuma an tare mata sanyi. Na gaya wa autar ta lura. Bayan kwana biyu ta zo mini da ido jawur ta ce, "Baba, ba a ganewa. Yau ta bi ta falo, gobe ta kicin, jibi ta tsakar gida. Ko kicin za ta, idan jiya ta bi ta nan, sai ta zagaya ta tsakar gida da sandarta."

Na ɗauka ruɗewar rashi ce. Na ce wa kafinta ko za a sa ƙyaure a duka ukun a huta, ya ce shi a shirye yake, a dai tambaye ta. Shekaranjiya na je da kaina. Na same ta zaune bakin gado, labulen tsakar gida yana ta kaɗawa har yana taɓa mata ƙafa. Na kawo maganar ƙyaure uku, ta girgiza kai, ta ce shi bai taɓa barin ɗaki da ƙofa uku ba. Na ce, "To Hajiya, wacce kika fi so? Ki nuna mana ɗaya."

Hajiya, na nemi izininki in faɗi amsar da kika ba ni, kin ce in faɗa.

Ta ce, "Malam, ai na san wacce. Tun ranar da ya fasa na sani. Yana zaune a falo yana leƙena ta gefen ido, ni kuma ina sane nake rikita shi, don in ga yadda zai yi. Muna cikin wasan nan ya tafi. Yanzu idan na nuna ɗaya, aikinsa ya ƙare a gidan nan."

Na zauna ina kallon ramukan nan uku, bakinsu kaca-kaca da sawun gudumarsa, har na tashi na yi mata sallama, na tsaya a tsakiyar ɗaki ban san ta inda zan fita ba.

Ɗana, babban ɗan gidan, kai nake wa magana yanzu. Kai ke da gaskiya. Ruwa na tafe, mahaifiyarka na tari, kuma ɗan da ya ga haka ya yi shiru bai kyauta ba. Na juya maganar nan ta kowace fuska ban ga inda ka kuskure ba. Duk da haka ina roƙonka, ka aika wa birkilolin da ka kira kada su zo gobe. Ba ni da hujjar da zan ba ka. Idan tarin ya ƙaru, laifin a wuyana, kuma ban san yadda zan kalle ka ba. Ke kuma auta, kada ki ɗauka kin yi nasara, don ni ma ban san ko daidai na yi ba. Ki samo bargo mai kauri ki rataya a ramin tsakar gida tun yau.

Hajiya, ba za mu tambaye ki kuma ba. Ranar da kika iya, ki aiko. Mutanen can na baya duk sun ci arziƙinsa, za su zo da kayan aikinsu. Sai dai ki tausaya wa yaran nan, uba ɗaya suka rasa, suna tsoron kada su rasa ki.

Na gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, na gode muku da kuka saurare ni ina ta kame-kame. Allah Ya jiƙan Mai Guduma, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa abin da ya gyara mana ya zame masa sadaka mai gudana. Allah Ya haɗa kan 'ya'yansa, Ya ba Hajiya lafiya da ƙarfin zuciya. Kuma ya Allah, ban taɓa roƙon wannan ba a rayuwata, amma ruwan bana Ka ɗan jinkirta mana shi, har sai ta shirya.

Amin. Wassalamu alaikum.