Surukata Ta Zo Suna, Jarida Ta Ce Gudun Hijira

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ranar sunan ɗana, dangin matata suka ƙetaro daga Nijar ta Kongolam, ɗauke da tabarmi da ƙunshin kaya. Wani baƙo ya ɗauke su hoto. Kwana biyu sai ga hoton surukata a jarida, wai rikici ne ya koro ta. Da na nuna mata, ta ce, "Ni da na zo ganin jikana?"

Ba a jima ba aka rufe iyaka, manya a Abuja na kafa hujja da irin waɗannan labarai.

Ban yarda kuskure ba ne. Malam, a tambayo mana masana: wa ya aiko baƙon nan? Surukata tana gidana har yau, geronta na can ba mai girbewa.

Sani Tela, Daura.