Ƙasan Teku Ya Ƙi Sanyi

Rosenda: Alo, Tatay? Kana ji na?

Tatay: A'a, Iday! 'Yar Manila! Yau an tuna da tsohon uba?

Rosenda: Haba Tatay, shekaranjiya fa muka yi magana. Ina wuni? Ya mutanen Samar?

Tatay: Lafiya lau. Ya aikin naku na bokayen hadari?

Rosenda: Da godiya. Ya ƙafar Nanay?

Tatay: Da sauƙi, uwar taki tana waje tana shanya kifi. Ke, tunda kin yi boko, warware min wannan. Kwana huɗu ina nutso ba suwaita.

Rosenda: Ba me? Layin yana yankewa.

Tatay: Suwaita! Tsohuwar rigar sanyin nan da nake sawa in zan shiga ruwa. Shekara arba'in, da na kai zurfin gaba goma sanyi ke kama ni, har haƙorana su riƙa datse tiyon iska. Jiya na kai gaba ashirin, ruwan ɗumi kamar romon kifi. Mene ne dalili?

Rosenda: Ashirin? Ka tabbata?

Tatay: Ni za ki koya wa awon igiya?

Rosenda: A nan bakin gaɓa, ko can waje?

Tatay: Can waje, gabas, bayan duwatsu.

Rosenda: Tatay, ka ji labarin guguwar da ke tahowa?

Tatay: Wannan 'yar mitsitsiyar? Rediyo ya ce ƙarama ce. Ko kwale-kwale ban nutsar ba don ɓoye shi daga iska, ɗaure shi kawai na yi a jikin kwakwa. Wa zai kwance inji ya loda duwatsu saboda iskar shanya?

Rosenda: Ɗumin ruwa shi ne abincinta. In ta zo, tana juya teku kamar yadda Nanay ke juya tukunya, sanyin ƙasa ya taso sama, sai ta raunana.

Tatay: Ikon Allah! Wato da hannunta take kashe wutarta?

Rosenda: Haka ne.

Tatay: To in ta juya ta tarar ƙasan ma ɗumi ne?

Rosenda: Sai ta ci ta ƙoshi. Wadda ta kwana ƙarama, ta wayi gari ta ninka.

Tatay: Kai! Ashe shi ya sa ta shekarar da aka haife ki ta shammace mu? To ku da injunanku ba ku gani ba?

Rosenda: Ɗumin saman teku muke gani sosai. Na ƙasa ma'aunanmu kaɗan ne, ba ko'ina suke ba. Don Allah ka nutsar da kwale-kwalen yau, ku hau tudu wajen coci. Ba wa Mano Teodulo wayar, shi zai fi saurin kwance injin.

Tatay: Yayanki... ba ya nan.

Rosenda: Yana ina?

Tatay: Ƙaramin tsibiri. Su uku, tun asuba, kamun kifi na kwana uku.

Rosenda: Wayyo Allah! Tsibirin da ko tudu babu? Kira shi!

Tatay: Waya ba ta shiga can, kin sani. Iday, da bai so tafiya ba. Ni na ce masa ragon banza ne, ƙarama ce.

Rosenda: Tatay...

Tatay: Yaushe za ta iso?

Rosenda: Gobe da yamma, ko kafin haka.

Tatay: Awa huɗu zuwa, huɗu dawowa. Kada ki gaya wa uwarki. Kashe wayar, zan je in kwance igiya.

Rosenda: Kai kaɗai? Tatay, tsaya! Alo? Alo!