Likitan Maigidana Ya Tafi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Hajara, daga Inkil nake rubutowa.

Maigidana manomi ne. Bayan girbin bara ƙafafunsa suka fara kumbura, aka tura mu babban asibiti, aka ce ƙoda ce. Allah ya haɗa mu da wani likita mai kirki, har Malam ya fara samun sauƙi.

Da muka koma, tun safe muna kan benci har azahar. Sai wata nas ta fito ta ce, "Mama, ku yi haƙuri, likitanku ya samu aiki a ƙasar waje. Likitan ƙoda ɗaya ne ya rage, layinsa kuma sai bayan Sallah."

Na ce, "'Yata, dubi ƙafar nan." Ta duba, idonta ya ciko, ta kau da kai.

Yanzu ko alwala ni nake yi masa. Jiya ya ce, "Hajara, ki daina wahalar da kanki, ki bar ni a gida."

Jama'a, me zan ce masa? Don Allah wanda ya san inda zan nufa, ya faɗa mini.