Hannun da Aka Sa wa Sadaka

Ƙadri: Alo, Gwaggo? Ina kwananku?

Gwaggo: Lahiya lau, Ƙadri. Ya Tasawa, ya ɗinki?

Ƙadri: Mun gode Allah. Ya mutanen garinmu, Sarkin Hausa? Ya damina?

Gwaggo: Hatsi ya yi kai. Ya kekenka na guragu, an gyara?

Ƙadri: Yana tahiya, in da mai turi. Gwaggo, an sa labarina a rediyo jiya. Baban Shatu ya ji kuwa?

Gwaggo: Ka ce mi? Rezon waya na yankewa.

Ƙadri: Malam Ishaƙu, ya saurara?

Gwaggo: Ni na kai mishi rediyon har gindin iccen bedi. Sai da aka gama na ce mishi kai ka tsara shi, gurgun da ya hana ma ɗiyarshi.

Ƙadri: To, ya ji inda saurayin cikin labarin ya kashe kura?

Gwaggo: Can ya yi dariya har da tari. Ya ce gurgu da kura, wanga ƙarya ce.

Ƙadri: Ai kuwa nan na hi wahala. Ni da zakaran maƙwabta ke hana ni hita tsakar gida, na ba kaina kura. Na ƙara ma kaina tsawo da hwarin haƙori, duk don tsohon shi ga jarumi. Shi ke nan, na ɓata tawadata.

Gwaggo: Tsaya mana. Akwai wurin da saurayin ya miƙa ma wani dattijo hannu su gaisa a kasuwa, dattijon ya sa mishi sadaka a ciki ya wuce.

Ƙadri: Wannan ciko ne, mai rediyo ya ce labarin ya yi gajere.

Gwaggo: To nan Malam ya bar dariya. Daga baya ya ce mini, “Kasuwar Mayahi ce, bara. Ni ne.”

Ƙadri: Ashe ya tuna. Na sha sabuwar shadda ranar, Gwaggo, har da turaren aro. Na zo gaida suruki, na koma da kuɗin goro. Abin haushin ma, sai da na ce mishi Allah shi saka.

Gwaggo: Ya ce shekara sittin yana ba guragu sadaka, bai taɓa tunanin abin na ma mutum ciwo ba sai jiya.

Ƙadri: Ya yi ciwo. Ban hwaɗa ma kowa ba, ko Shatu.

Gwaggo: To, ga saƙonshi. Ya ce ka zo Juma'a, kai da kanka, kahin manya su zo.

Ƙadri: In zo in yi mi?

Gwaggo: Ya ce akwai gaisuwar da bai amsa ba. Ka miƙo hannun nan, zai kama shi, ba komi cikin nashi.

Ƙadri: Gwaggo... bari in share hanci. Maganar Shatu hwa, ya ce ya ba...

Gwaggo: Alo? Ƙadri? Kai, yaron ga, kiredin wayarshi ya ƙare.