Motar da Ba Ta Ɗaukar Kaya

A unguwar Bab Makka Rafi'u ya tarar da wani mai a-kori-kura yana ta goge motarsa.

"Malam, unguwar Madain Fahd za ka kai mini buhunan nan."

"A motar nan? Jiya fa aka fesa wa bayanta roba, aka kafa ƙugiyar jan tirela!"

"Robar ta mece ce?"

"Don kada kaya su kankare bodi."

"To, mu loda mana."

"Su kankare mini robar? Har darduma na shimfiɗa mata."

Rafi'u ya leƙa. Dardumar ta fi ta ɗakinsa kyau.

"Tirelar fa?"

"Sai Allah ya hore."

"Sunan wa ke kan takardun motar?"

Mutumin ya sassauta murya. "Kafilina, ɗan ƙasar nan da nake zaune a ƙarƙashinsa."

"Halas, shi ke nan! Ci gaba da gogewa, bawan Allah. Ran da ya karɓi abarsa, zai sa maka albarka."