Hutun Mai Bigila

A wani kemis da ke Unguwar Dosa, wani dattijo ya ƙura wa saurayin da ke gabansa ido.

"Samari, wa ya fasa maka leɓe haka?"

"Ba kowa, Baba. Busa bigila nake koyo, ina son shiga badujalar 'yan sanda. Na yi ta busa har leɓen ya kumbura, shi ne malaminmu ya ce in huta kafin in lalata bakin."

"Af! Kai ne na bayan gidan Hansai mai waina? Kullum da sassafe kamar ana yanka saniya?"

"A yi haƙuri, Baba. Ai yanzu kun samu lafiya."

"Wace lafiya? Da kana busa, kai matata take yi wa faɗa har azahar. Tunda ka yi shiru, ta tuna ban gyara famfo ba, ta tuna ban je gaida yayarta a Rafin Guza ba."

"To, hutun nan sai sati mai zuwa fa."

Dattijon ya dafa teburin mai kemis. "Mai kemis, don girman Allah, ba yaron nan maganin da ya fi saurin aiki."