Bugu Ɗaya da Ya Hana Koci Nurudeen Kofi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Liman, Sarkin Zango da dattawansa, wakilin kwaleji, Hajiya Suweiba matar marigayi da Yaya Saeed, iyayenmu maza da mata, ina gaishe ku da girmamawa.

Sunana Rafi'atu, ina ajin ƙarshe a sakandare. 'Yan matan da marigayi Koci Nurudeen Braimah ya riƙa koya wa wasan golf ran Asabar su suka turo ni. Ban taɓa magana a gaban mutum goma ba, don haka ku yi mini haƙuri.

Ya kasance mai ɗaukar jakar sanduna a filin golf a Kumasi. Ya kasance direban tasi shekara tara a garin nan. Ya kasance mai bin iyayenmu shago-shago a unguwar Morris Heights, yana roƙon a ba shi 'yan mata su koyi wasa. Babana ya ce masa, "Malam, 'yata ba za ta bi ƙwallo kamar kaza tana bin tsaba ba." Koci ya ce, "Alhaji, kazar ma tana komawa gida kafin magariba. Ni zan kawo ta." Asabar huɗu yana zuwa kafin a yarda. Baba, kada ka sunkuyar da kai, kai ka sayo mini takalmin wasan daga baya.

Ya kasance kocin kwaleji shekara goma sha shida, kuma bai taɓa ciyo kofin gasa ba. Na faɗi haka ne domin wasiƙar da kwalejin ta aiko makon jiya ta riga ni faɗa. Ta fara da ta'aziyya, sannan ta ce za a rushe ƙungiyar golf ta kwalejin, a kulle ɗakinsu da mu ma muke atisaye a ciki ran Asabar, tunda babu koci, babu kuma kofi.

Yaya Saeed, kana kusa da wakilin. Don Allah ka fassara masa wannan, kada ka sassauta.

A 2013 saura rami ɗaya da za a jefa ƙwallo a ciki ƙungiyar ta ci gasa. Ƙwallon wani ɗalibi, Kwabena, ya faɗa ciyawa a gindin itatuwa. Da ya ajiye sanda a bayan ƙwallon, sai ƙwallon ya motsa, bai kai faɗin farce ba. Doka ta ce a ƙara masa bugu ɗaya, kuma a golf mai ƙarancin bugu ke ci. Babu wanda ya gani sai shi da Koci. Kwabena ya ɗaga kai ya dube shi. Koci ya ce, "Ni kake kallo? Fuskata ce takardar maki?" Kwabena ya rubuta bugun da hannunsa. Da bugun nan ɗaya aka cinye su.

Kofin da kuke nema ke nan. Yana hannunsa, ya ƙi ɗauka. Ku kira shi rashin nasara in kun so. Mu ba za mu kira shi haka ba, kuma ba mu yarda a binne aikinsa tare da shi ba. Ga Kwabena can a layi na uku, ya ce zai ci gaba da koya mana ran Asabar. Ƙofa kawai muke buƙata.

Mama Suweiba, shekara da shekaru shayinsa yana hucewa a gabanki saboda mu. Mun ci lokacinki, ki yafe mana. Muna roƙon ki bar sandunansa a hannunmu aro, kada su kwanta a bayan ƙofa.

Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai, mu goma sha ɗaya za mu hau jirgin ƙasa lamba huɗu zuwa kwalejin. In an buɗe ɗakin, mu shiga. In a kulle yake, za mu yi atisayenmu a bakin ƙofar, inda kowa zai gan mu, mu kuma dawo wata Asabar.

Na gode da kuka saurare ni. Allah Ya jiƙan Koci, Ya haskaka makwancinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Mu kuma Ya ƙarfafa ƙafafunmu. Amin.